Ranar da "Siriri" Ta Kusa Fitar da Mutum Bakin Bindiga

Ko zan manta komai na zamanin tawayen sojoji a birnin Bangi, ba zan manta ranar da wasan kwamfuta ya kusa jawo a kashe mutum daga gidana ba.

A unguwar Kilomita Biyar muke. Kasuwa ta mutu, kowa ya rufe shago, maza sun taru a gida kamar kaji ranar ruwa. Ƙanen mijina mai gyaran rediyo ne, yana da wata tsohuwar kwamfuta da wani ya kawo gyara bai dawo ba. A cikinta akwai wasan sararin samaniya. Kowa yana da daularsa a cikin taurari, da jiragen yaƙi, da iyaka. Bi da bi ake yi, in ɗaya ya zauna sauran su juya baya. In an kawo wuta, ko abinci sai na yi ta kira.

Su huɗu ne. Maigidana, da ƙanensa, da wani Alhaji ɗan Maraɗi da ya zo fatauci hanya ta rufe masa, sai telan unguwarmu. Telan Kirista ne, ɗan ƙabilar bakin kogi, kuma yawancin sojojin da suka yi tawayen danginsu ne. Don haka masu farautar 'yan tawaye ba sa tambaya, da ka buɗe baki sun ji harshenka shi ke nan. Shi ya sa ya ɓuya a wurinmu.

Ni ban yi boko ba, ban san abin da ake rubutawa a gilashin ba. Amma ina madafa, kunnena yana falo. Na san Maigida ya ƙulla ƙawance da Alhaji, ƙanensa kuma da tela. Ƙa'idar ita ce, duk wanda aka taɓa abokinsa dole ya shiga faɗan. Kowa yana tara jirage yana rantsuwa wai don tsaro ne kawai. Kowa kuma yana leƙen na wani yana ƙarawa.

Ran nan da hantsi jiragen tela suka ɓata hanya, suka faɗa iyakar Alhaji. Tela ya ɗaga hannu biyu yana dariya, ya ce, "Siriri, ita! Siriri!"

To, da Sango, yaren garin, "siriri" zaman lafiya ne, "ita" kuma ɗan'uwa. Cewa ya yi, "Lafiya, ɗan'uwa." Amma Alhaji baƙo ne, ba ya jin Sango, ga shi kuma Allah ya yi shi kamar sillen kara.

"Ni ne siririn? Har da ita? Mace ka mayar da ni?"

Ya fizgi kujera, ya tura jiragensa gaba ɗaya. Kwamfuta ta tambayi Maigida ko zai bi abokinsa. Nan ne abin ya ƙona min rai. A Bangi aka haife shi, Sango ta fi Hausa zama a bakinsa, ya san sarai abin da aka faɗa. Amma yana jin nauyin baƙo, kuma dama ya daɗe yana kwaɗayin wata tauraruwa ta ƙanensa. Ya yi shiru ya danna. Ƙanen ya ce ai shi ma ba zai bar abokinsa tela ba. Kafin in sauke tukunya, sama ta kama da wuta, kowa yana ihu a kan kowa.

Sai Alhaji ya ce, "Haka irinku suke. A bariki ma ku kuka fara. Ya fita ya bi 'yan'uwansa!"

A lokacin ana jin harbi ta wajen babban titin Kuduku, ba nisa. Tela ya ɗauki jakar almakashinsa ya sa takalmi. Na dubi Maigida, shi kuma yana duban ƙasa.

Ban san sanda na isa ƙofa ba, muciya a hannuna, tuwon rogo yana ɗiga. Na bazu a bakin ƙofar, ni kuwa ba siririya ba ce.

"Ba inda za shi."

Maigida ya ce, "Ke, maganar maza ce."

"Maganar maza? Malam, ka ji abin da ya faɗa ko ba ka ji ba? Faɗa wa Alhaji ma'anar siriri. Da bakinka."

Ya yi ta murza hula. Can ya ce, "Zaman lafiya."

"Ita fa?"

"Ɗan'uwa."

Na juya ga baƙo. "Alhaji, lafiya ya nema a wurinka, ka ba shi wuta. Taurarin nan ku ƙone su duka, ba a tuwo da su. Amma wannan bawan Allah a inuwata yake. Mai son fitar da shi sai ya ɗauke ni tukuna, mu ga mai ƙarfin."

Ƙanen mijina ya tuntsire da dariya, ya ce, "Yaya, ko mu huɗu ba za mu iya ba." Tela ya zauna a ƙasa inda yake, ya ajiye jakarsa.

Kada ku zaci an rungumi juna. Alhaji bai ba da haƙuri ba, washegari ya koma gidan wani ɗan garinsu kusa da masallaci. Maigida ya yi kwanaki yana amsa gaisuwata da hanci, wai na tsinka shi gaban baƙo. Ban roƙe shi ba, har yau kuma ban yi nadama ba. Tela ya zauna da mu har hanya ta buɗe, ya koma wurin iyalinsa da ƙafafunsa.

Abin da na koya shi ne, wanda bai fahimci magana ba yana da uzuri, a fassara masa a wuce. Mai kunna yaƙi shi ne wanda ya fahimta sarai, ya yi shiru don kada ya ɓata da abokinsa. Tun daga ranar, in na ji gaskiya da kunnena, ko wa za ta ɓata wa rai, sai na faɗe ta tun mutum bai sa takalmi ba.