Bargon Iya Ramlat

Kullum kafin 'yan dako su cika kasuwar Murshid Bazaar, a nan ƙasar waje, Iya Ramlat ta riga ta iso da kekenta na guragu ɗan ɗakin da take ɗinke buhunan kago, wato kayan da 'yan kasuwa ke aikawa gida. Shekara goma sha huɗu ke nan. Ita ke tura kanta, ita kaɗai take cin abincinta. Masu kaya su leƙo, "Yalla Iya, yi sauri, kwantena na jira," su fice. Ba mai zama.

In aiki ya lafa sai ta jawo wani bargo da take ɗinkawa. Ƙyallaye ne ta harhaɗa, kowanne da sunan mamaci a ɗinke: abokan gwagwarmayarta na Kano, guragu da makafi da kurame da suka sha zaman dirshan a ƙofar ofisoshi, suna neman a yi wa keke hanya, a buɗe musu aji. 'Yan kasuwa masu zuwa Kano ke karɓo mata tufafinsu wurin dangi. Sharaɗinta ɗaya, inda ya goge take so: gwiwar wando, hammatar rigar da sanda ta cinye.

Alhaji Muhammad mai atamfa ya taɓa miƙa mata sabon yadi. "Iya, ga mai kyau, ki huta da tsummokara."

"Alhaji, yadin naka ya taɓa rarrafe?"

Ya yi dariya, ya mayar jaka.

Gurbi ɗaya ya ƙi cika, na Nuriyya. Makauniya ce. A Kano ita ke tura keken, Iya na faɗa mata hanya: dama, hagu, ga kwata. Da ta rasu, sau uku Iya ta aika gidansu, aka ce an rabar da kayan. Ga idon Iya ya fara dushewa, wata mai zuwa za ta koma gida. Tsoronta kada zare ya gagare ta tun sunan bai hau ba.

Ranar Talata Alhaji Muhammad ya shigo ya tarar da ita ta karkace a kujera, tana warware tsumman da ke naɗe a hannun keken. Nuriyya ce ta naɗa shi don kada ƙarfe ya ƙona ta. Duk shekarun nan Iya ba ta bari an taɓa shi ba. Ya yi baƙi, ya goge daidai wurin yatsu.

"Ashe yana bayana," in ji ta. "Alhaji, sa min zare."

Iya, ke ce mai allurar da ba ta mantuwa. Mu 'yan kasuwa mun yi ta wuce ƙofarki da gudu, ke kina zaune da mutum arba'in da ba mu san da su ba. Mun gode, Allah Ya saka miki. Jama'a, wanda ya san wani irinsu, ya adana sunansa, ya kuma tsaya wa na raye. Keken Iya kuwa, hannunsa tsirara yake yanzu. Kafin ta tafi, don Allah wani ya kama.