Ta'aziyya Ba Gayyata

Shekarar da na fara karanta al'adu da aƙidun Amurkawa a jami'a a Dubai, tsokana ba irin wadda ban sha ba a gidanmu na unguwar Al Nahda. Baba, da sana'arsa tura kaya Kano a kwantena, kullum sai ya tambaye ni ko an fara koya mana cin abinci a tsaye. Ni ma kaina ya kumbura, abu kaɗan sai in ce Amurkawa ba haka suke yi ba.

Malamarmu wata dattijuwar Ba'amurkiya ce mai yawan dariya. Ita ta koya mana cewa a ƙasarsu mutum na alfahari da tsayawa da ƙafarsa, kuma ba a faɗo wa kowa gida sai ya gayyace ka. Na haddace wannan tsaf.

Wata rana ta shigo aji idonta jawur. Ta ce mahaifiyarta ta rasu a can, ba za ta samu zuwa ba sai hutu. Ta juya ga allo ta ci gaba da darasi. Tausayinta ya kama ni.

Da na faɗa wa Umma, sai ta ajiye ludayi. "Wa ke zaune da ita?"

"Ba kowa. Umma, su fa ba sa so a dame su."

"Uwa ta mutu ki ce mini ba a so? Yalla, ɗauko mayafinki."

Na san gidan, don ta taɓa kiran ajinmu cin talotalo a bikinsu na godiya. A cikin tasi, kular shinkafa na kan cinyata, ina ta jin haushin Umma. Tsorona kada malamar ta ga duk koyarwarta ta bi iska, ta rufe mana ƙofa.

Da muka ƙwanƙwasa, malamar ta buɗe, ta yi turus. Na fara kame-kamen neman afuwa da Turanci. Umma ko ta kaina ba ta bi ba. Ta tuɓe takalmi, ta shige, ta zauna a ƙasa.

"Ya haƙuri?" ta ce da Hausa.

Na rasa yadda zan fassara. Malamar ta ɗan tsaya, sai ta sauko kusa da Umma, ta fashe da kuka. Sun daɗe a haka, ba mai jin yaren wata.

Da muka tashi tafiya, malamar ta riƙe hannuna, murya ƙasa-ƙasa.

"A wajenku sau ɗaya ake zuwa?"

Na dubi Umma. Da gangan ta bar kularta a kan tebur.