Kwanon Tuwon da Na Kai Gidan Tela

Ni ba mai fita ba ce. Daga ɗaki sai madafa, sai bakin zaure in mai kifi ya zo. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina zaune ina tsince shinkafa zan faɗi wanda ya wuce a lungunmu, daga takunsa kawai.

Da kunnen nan na gane autanmu ya fara shan giya, tun kafin hanci ya gaya mini. Dako yake yi a filin duwan, wato kwastan, inda manyan motoci ke jiran haye gada zuwa Malanville. Da matarsa ta tafi, ya dawo ɗakin zaurena. In ya taso da yamma, ƙafa ɗaya na tafiya, ɗaya janta yake yi. Sodabi yake sha, farar nan ta ƙetaren kogi mai kama da ruwa. An yi rubutu, an yi rantsuwa, an yi kuka. Ranar da idonsa ya yi ɗorawa, likita ya ce mini hantarsa ta gaji, in bai bari ba ba za ta kai shi nesa ba.

Na ce, "To likita, ina zan kai shi?"

Ya ce ya ji a manyan garuruwa mashaya kan zauna su riƙe juna har su bari, amma a nan Gaya bai san ko wuri ɗaya ba.

Sai na tuna da maƙwabcinmu tela. Shekaru ina jin irin wannan jan ƙafa a ƙofarsa, amma damina biyu ke nan takunsa ya miƙe. Na leƙa ta katanga na tambayi matarsa a hankali. Ta ce, "Wa ya ce miki mijina ya taɓa sha?" Ta shige ɗaki.

Bayan kwana biyu tela ya yi sallama, ya tsaya a zaure yana kallon ƙasa. Ya ce, "Maƙwabciya, duk Talata ina cewa na tafi sayen yadi. Bayan rumfar wani mai gyaran moto muke zama a ƙetare, inda ba a san fuskokinmu ba. Shayi muke dafawa, kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce. In yana so, in ɗauke shi. Amma abin da ya shiga kunnenki, ya tsaya nan."

Na ce, "Haba malam, kamar a rijiya."

Auta ya yi dariya da na gaya masa. "Yaya, in haye gada don shayi? Na Gaya ya ƙare ne?" Na ce, "Ai don abin da bai kai shayi ba kana hayewa kullum." Talata ta zo, ya hau bayan moton tela.

Talata uku ya je. Takunsa ya daidaita, har yana neman ƙarin tuwo. Mu kuwa a gidanmu ba a gode wa mutum da baki kawai. Na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miyar kifi, na ɗauka da kaina, ni da ba na fita. Na tarar ana yi wa matar tela kitso, mata biyar a tabarma. Murna ta cika ni, bakina ya riga ni. Na ce, "Allah ya saka wa mijinki! Yadda ya bar kwalba, ga shi zaman Talatar nan nasu ya ceto mana auta."

Hannun mai kitso ya tsaya.

Kafin magariba kwanona ya dawo ta kan katanga, ko murfin ba a ɗaga ba. Kafin Juma'a unguwa ta ɗauka. Masu zaman bakin gada suka fara lura da wanda ke hayewa ran Talata, suna yi wa mutane kirarin shayi. Ashe cikin masu zuwa har da magidantan da ko iyalinsu ba su sani ba. Zaman ya watse. Tela ya daina amsa gaisuwata.

Auta ya haye shi kaɗai, ya tarar da benci babu kowa. Mai sayar da sodabi kuwa rumfarta na kan hanyarsa ta dawowa. Tun daga bakin lungu na ji jan ƙafar nan ya dawo.

Auta bai taɓa ce mini komai a kai ba. Da ma ya zage ni.

Wata huɗu bayan nan tela ya sake sallama, ran Talata. Ya ce sun sami wani wuri, kuma sun yarda auta ya dawo. Na nuna masa ɗakin zaure. Ƙafafun auta sun kumbura, ciki ya yi tulu, ba zai iya zaman moto ba. Tela ya daɗe a tsaye. Sannan ya fita ya dawo da buta da gawayi, ya zauna a gefen tabarmar.

Ya ce, "Maƙwabciya, ni da shi za mu yi magana."

Na koma can ƙarshen gida na zuba gero a turmi, geron da ba na bukata a ranar. Na yi ta daka da ƙarfi don kada in ji ko kalma ɗaya, har sai da na ga hayaƙin gawayin ya mutu.