Uwar Ƙorafi

A maɗaba'armu, kowa Sakatare yake ce masa, ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Shekara goma sha tara yana teburin bakin ƙofa, yana yi wa duk mai shigowa kallon wanda ya zo roƙo. Ni ina can ciki kan injin yanka takarda, ina hango shi ta gilashi, kuma ban taɓa ƙaunarsa ba.

Aiki dai ya iya, ba zan tauye masa ba. Tun da aka kawo kwamfuta ya riƙe jerin adireshin imel kamar gonar gado. Da ya danna sunan mutum, duk wasiƙun da aka taɓa yi da shi sai su zubo: ranar da ya ce kati shuɗi yake so, da ranar da ya dawo yana rantsuwa kore ya ce. Da haka yake kashe bakin masu musu, yana wani murmushin mugunta.

Sai dai ba ya ajiye kowa da sunan da ubansa ya raɗa masa. Mai shagon magani Kunnen Ƙashi ne. Wani lauya Sai Gobe. Shugabar makarantar da ke ba mu aikin littattafan rubutu da takardun jarrabawa duk zango, aikin da shi ke ciyar da mu duka, ita ce Uwar Ƙorafi. Yakan kira mu mu gani, yana dariya har da dukan tebur. A tunanin gwanin, sunan a kwamfutarsa yake tsayawa. Bai san yana bin wasiƙa har hannun mai ita ba.

Da za mu koma sabon shago, ya tura wa mutum sittin sanarwa a wasiƙa ɗaya, kowa da laƙabinsa a jere a sama, kowa na karanta na kowa.

Ba a yi awa biyu ba shugabar ta iso. Ko kallonsa ba ta yi ba, ta wuce wurin mai gida, mai maɗaba'ar.

"Hajiya, a yi haƙuri," in ji mai gida, "kuskure ne aka yi yau."

"Yau? Shekara shida ina ganin sunan nan a kan kowace wasiƙarku, na yi shiru don aikinku na da kyau. Amma yau iyayen ɗalibaina uku da ke cikin waɗanda kuka tura wa sun karanta. Ku nemi wata uwar."

Mai gida ya juya wajen teburin bakin ƙofa. "Sakatare, da gaske shekara shida?"

Ko a nan mutumin bai iya rufe baki ba. Ya danna, ya leƙa.

"Bakwai ne, ranka ya daɗe. Ga ta farkon nan."

Aikin makarantar ya tafi. Ƙarshen wata aka sallami mutum huɗu, har da ni. Shi kuwa yana nan daram a teburinsa, wai ba wanda ya iya jerin nan sai shi.