Mi Ya Rage a Rumbunku?

A gidanmu na Yankara akwai dokar da ko ɗan auta bai isa ya taka ba: yaro ba ya leƙa rumbu. Kakarmu, da muke kira Iya, ita ke gadin dokar, kuma da tatsuniya take gadinta, ba da bulala ba. In an gama cin tuwo sai ta tura kara a murhu, ta ce, "Ga ta nan tafe, mai tsoro ya kama zanena." Ni nake fara kamawa.

Ta ce Yunwa tsohuwa ce mai tsabta da fara'a, da ƙwarya a kife a kanta. Ba ta haura katanga. Sallama take yi da rana tsaka, ta tambayi gajiya, sannan ta sunkuya wajen yaro ta ce, "Mi ya rage a rumbunku?" Nan Iya kan rage murya har mu ji karan yana ci. Gidan da aka ce mata akwai, sai ta wuce. Amma wata yarinya da ta taɓa leƙawa ta faɗi gaskiya, ta ce dami biyu. Tsohuwa ta sauke ƙwaryarta ta zauna. Ba ta ci komai ba. Zama kawai ta yi, har gidan ya zama kango.

"Ko tsaba guda ta rage, ku ce akwai," in ji Iya.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Faskari. Bara, da 'yan bindiga suka hana zuwa gonakin nesa, nakan tsaya gaban taswirar Afirka ina bayanin ƙarancin abinci, alhali Hinde, 'yar layin gaba, ta ɗaure cikinta da ɗankwali. Babanta ko zangarniya bai girbe ba.

Ran nan masu rabon tallafi suka zo makarantarmu rubuta gidajen da za a ba masara. Wata mata mai tsabta da fara'a ta sunkuya wajen Hinde, ta tambaye ta abin da ya rage a rumbunsu.

"Akwai, Hajiya," in ji Hinde. Matar ta matsa gaba.

Wallahi tsoro na ji, irin tsoron da nake ji ina yarinya mai kama zanen Iya. Da ƙyar na ce, "Hajiya, dakata. Babu. Ko dami guda babu." Hinde ta dube ni kamar na kwance mata zane a kasuwa. Amma an rubuta su, buhu ya isa gidansu.

Rufin asiri Iya ta koya mana, kuma a zamaninta bai kashe kowa ba, don maƙwabci na ganin hayaƙi bai tashi a gidanka ba zai miƙo tuwo ta kan danga. Yau shi ma murhunsa a sanyaye yake, dole sai an faɗa da baki. Na san daidai na yi. Amma har yanzu, in aka yi sallama da rana tsaka, sai na dubi kan mai sallamar kafin in amsa.