Hoton da Yake Tsayawa

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ba na jin zan manta da shekarar da na gyara sabis ɗin gidanmu a Ƙaura Namoda. Ni mutum ne da ba ya iya ganin abu a lalace ya wuce. Ko rediyon maƙwabci ne yake shashsheƙa sai na kwance shi, har matata takan ce da a hannuna aka bar duniya da tuni na warware ta na duba cikinta.

Yayanmu, ɗan farin Inna, yana tuƙin mota a Jidda, kuma matsalar takardu ta hana shi zuwa gida shekara da shekaru. Inna kuwa Bafulatanar ƙauyen Zurmi ce, mai tsananin kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban kuma taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. "Wancan" take ce masa. In ya kira ta bidiyo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai in jingina wayar da tulu, ita kuma ta koma gefe inda kyamara ba ta kai, tana tsinke zogale. Ya gaishe ta, ta amsa wa bango.

Kiran nan bai taɓa tafiya daidai ba. Bakinsa ya motsa, muryar ta biyo baya tana karkarwa, can sai hoton ya tsaya cak. Wata rana da ya tsaya, Inna ta ce, "In ya ƙame haka nan, shina ganin mu?"

"A'a, Inna, ya yanke," na ce, na ɗauki na'urar wayfai na fita tsakar gida neman sabis.

Haka nake yi duk Juma'a: in fita da na'urar, in jujjuya ta, in ɗaga ta sama ina kewaya gida, Inna da waya suna ɗaki. Abin ya tsaya mini a rai. Na fara zargin rufin kwano, na mayar da na'urar bakin taga. Na canza layi. Na gano batirin sola yana yin sanyi da rana in an jona firji. Daga baya na duba na ga wayoyin da ke hawa wayfai ɗinmu sun fi mutanen gidan yawa, ashe rabin mutanen layinmu da shi suke sauke finafinai. Na canza lambar sirri, na ɗaura eriya a kan doguwar gora, na hana kowa taɓa waya in Yaya zai kira.

Ai kuwa Juma'ar da ta biyo baya hoto ya fito tas, har furfurar gemunsa ana gani, murya da baki suna tafiya tare. Na zauna daram, babu sauran fita. Ana cikin hira sai na ga Yaya ya daina motsi, amma ga fanka a bayansa tana juyawa. Na fashe da dariya na ce, "Haba Yaya, bar wasa, ga fankarka can tana aiki." Ya yi ɗan murmushi, ya canza magana.

Da muka gama Inna ta ce, "Abin ga ya bar tsayawa ke nan?"

"Har abada, Inna!" na ce, ina jin kaina.

Ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da tsinkar zogalenta.

Da damina ta faɗi ciwo ya kwantar da ita, kafin a yanke gero Allah Ya karɓi abarSa. Yaya bai samu zuwa ba. Ranar addu'ar uku ya kira, hoton nan garau, babu inda ya tsaya. Muka yi wa juna gaisuwa, sai ya ce, "Ƙanena, kai ba ka san abin da ka gyara ba."

Na ce ban gane ba.

"Wajenku ɗai hoton ka tsayawa. Ni ina ganin komai. Kana fita da na'urar ga, sai Inna ta aje faifai ta matso. Ta kawo fuskarta dab da waya, ta dube ni, ta dube ni. Wata rana har yatsa ta sa ta shafa. Ni ko in ƙame, ko numfashi ba ni yi da ƙarfi, don kar ta gane. Ko sabis ya dawo ba ni motsi sai na ji takunka."

Ya share ido da hannun riga, ya ce tun haihuwarsa bai taɓa ganin idon mahaifiyarsa a kansa ba sai a wancan lokacin. Ranar fankar nan, so ya yi in tashi in fita.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a bakin kabari, kuma har yau in na tuna dariyar da na yi masa sai zuciyata ta yi nauyi. Gorar tana nan a tsaye, sabis ɗinmu ya fi na kowa a unguwa.

Abin da na koya shi ne, kafin ka ɗauki sukudireba, ka tsaya ka duba yadda mutanen gida suke zaune da abin da kake kira matsala. Na san kowace waya da ke hawa wayfai ɗinmu, amma ban taɓa tambayar kaina me Inna take yi a ɗaki in na fita ba.