Sunan da Ƙanena Ya Tafi da Shi Makaranta

Ni aka rubuta a takardar dagaci, ba ƙanena ba. A farkon shekarun mulkin kai, idan hakimi ya aiko daga Gaya a ba da yaran boko, dagaci yakan bi gida-gida da malaminsa su rubuta wanda suka ga ya isa. A gidanmu, a wani ƙauye kusa da Ajingi, ni suka rubuta. Ina da kamar shekara tara, hannuna ya fara sabawa da fartanya. Ranar da aka zo ɗauka, Baba ya tura ni jeji da awaki, ya miƙa ƙanena. Malamin ya kira sunana, Baba ya dunguri ƙeyar ƙanena, yaron ya amsa. Ba gidanmu kaɗai aka yi haka ba, kuma babu wanda ya ɗauke shi laifi.

Tun daga nan ƙanena ya zama mai suna biyu, nasa a gida, nawa a makaranta. In ya dawo hutu yakan ce, "Yaya, an fa zane ka a makaranta, ka makara." Ni kuma in ce ya ƙara haƙuri, ai ban ji zafin ba. Kansa yana ja, ya gama firamare a Gaya, ya wuce sakandare ta kwana.

Shekarar da aka koma kashe naira ya yi jarrabawar fita. Ya sami kiredit huɗu, wato cin jarrabawa da maki mai kyau, amma Turanci ya kayar da shi. Ya bayyana mini ƙa'idar jami'a muna zaune a kan buhunan gyaɗa. Sai mai kiredit biyar ake ɗauka, dole da Turanci a ciki, kuma a zaman jarrabawa biyu kacal, ba uku ba. Saura masa zama ɗaya ke nan. A daminar nan Baba ya rasu. Da ƙanena ya je Kano yin rajistar sake Turancin, shi kaɗai ba ta hannun makaranta ba, sai ya rubuta sunansa na yanka. Daga baya ya ce mini so ya yi ko takarda ɗaya ta ɗauki sunan da Baba ya yanka masa rago. Ya ci Turancin.

Ya kai takardun biyu ofishin ɗaukar ɗalibai. Jami'in ya jera su a tebur, ya ce shi mutum biyu yake gani, ɗaya mai huɗu, ɗaya mai ɗaya, kuma babu wanda ya cika biyar. Bai wulaƙanta shi ba. Ya ce ya kawo takardar rantsuwa daga kotu, uba ko babban wa ya rantse cewa sunayen nan biyu na mutum ɗaya ne, kafin ƙarshen wata, ranar da za a rufe.

Muka tafi kotu a Gaya a kan keke ɗaya. Akawun kotu ya karanta mini abin da zan faɗa, ya ce in je in yi alwala. A bakin randar alwalar na tsaya ina tunani. Zan dafa Alƙur'ani in ce sunan nan na ƙanena ne, alhali ga ni tsaye da shi, da shi aka ɗaura mini aure. Na dawo na roƙi akawun ya rubuta gaskiyar yadda take: suna nawa ne, karatu nasa ne. Ya ce takardar ba ta da wurin labari. Ya kuma rage murya ya ce in aka rubuta cewa yaro ya shiga makaranta da sunan wani, ba mamaki a soke har takardar jarrabawarsa ta farko. Na ce to, a ba ni lokaci in yi shawara.

A hanyar komawa, da muka kusa gida, ƙanena ya tayar da maganar. Ya ce, "Yaya, ni na zauna jarrabawar nan duka biyun. Ina ƙaryar take?" Na ce masa ba a gaggawa da rantsuwa.

Ni mutum ne mai jira. A noma hakan ya sha fisshe ni, don ban taɓa yin shuka a ruwan farko ta ƙone ba. Na je wurin limaminmu, ya ce in har zuciyata ba ta kwanta ba kada in dafa. Na taka har garin Balan wurin wani malami abokin Baba, na tarar ya yi tafiya, na koma bayan kwana biyar. Shi ya ce a duba niyya, amma bai ce mini je ka ba, bai ce kar ka je ba. Ana cikin haka cirar gyaɗa ta kama. Kullum da safe ƙanena yakan tsaya a bakin zaure da takardunsa a cikin ambulan, in ce masa gobe.

Inna ce ta yanke maganar. Ta same ni ina shanya gyaɗa, ta ce, "Ubanku da bakinsa ya ba shi sunan nan a gaban dagaci, ina leƙe ta katanga. Wanda ya raɗa maka sunan shi ne ya ba shi. Ku biyu ke da shi. Tashi ka je."

Na je, na dafa, na dangwala yatsa. Rantsuwar ba ta yi mini wuya ba, kuma abin da ya fi damuna ke nan har yau, don da haka zan iya yi tun ranar farko. Ƙanena ya jira ranar kasuwar Ajingi ya sami mota zuwa Kano. Ya tarar an rufe da kwana huɗu.

Bai yi mini faɗa ba. Ya shiga kwalejin horon malamai, da fatan bayan shekara ya nemi a mayar da shi jami'a, don ana karɓar masu sauyowa daga wata makaranta in makinsu ya kai. Makinsa ya kai. Amma aka ce mai sauyowa ma sai ya cika ƙa'idar sabon shiga ta shekarar da ya nema, kuma a shekarar fannin da yake so ya ƙara sharaɗin lissafi. Ba shi da shi, zamansa biyu kuma sun ƙare. Ya gama kwalejin, aka tura shi koyarwa a firamare a Kademi.

Da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar. Ranar da aka ce kowa ya koyi rubuta sunansa, na kasa, haruffan suna ta karkacewa. Ranar Juma'a ƙanena ya zo gaida Inna, na miƙa masa littafina na ce ya rubuta mini in riƙa kwafa. Ya karɓi fensir, ko kallon takardar bai yi sosai ba, ya zana shi a layi ɗaya, da hannun da ya shekara goma sha biyu yana rubuta shi a saman kowane shafi. Ya miƙo mini ya ce, "Ga kayanka, Yaya."

Na so in ce masa wani abu game da kwana huɗun nan. Sai Inna ta kira shi daga ɗaki, ya tashi. Na zauna ina kwafa a ƙarƙashin nasa har shafin ya cika.